Kifin da ya zama annoba a ruwan wasu: ina ruwan masuncin Tabalak?

Ta yaya kifi, abin da muke saye da tsada a kasuwannin Yamai, zai zama abin da hukuma ke roƙon mutane su kama su kashe? Tambayar ke nan da ke tashi a fada duk sanda wani ya miƙo salula yana nuna irin bidiyon nan na Amurka. Mutum na tsaye a bakin magudanar ruwa bayan gidaje, ya wurga ƙugiya, ya fizgo wani dogon kifi mai kai kamar na maciji, sannan ya ce doka ta hana shi tafiya da shi da rai. Nan take gardama ke kaurewa. Wani ya ce almubazzaranci ne na waɗanda suka ƙoshi, wani ya ce guba ke gare shi, wani ma ya rantse cewa Turawa ne suka haɗa shi a ɗakin bincike. Duk ba haka ba ne. Kifin lafiyarsa ƙalau, ana cin sa, a Asiya ma kuɗi ake sawa a saye shi. Laifinsa guda, ruwan da aka same shi ba nasa ba ne.

Kafin mu yi musu dariya, ɗaya daga cikin kifayen da suka fi ƙaurin suna a duniya kan wannan laifi namu ne. Giwan ruwa ne, wanda masu gidajen abinci ke kira kapitan.

Baƙo daban, mamayi daban

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. A ruwa ma yawanci haka abin yake: kifin da aka ɗauko daga wata ƙasa aka saki, galibi sanyi ko zafi ko yunwa ko wani kifin ke gamawa da shi kafin ya hayayyafa. Wannan baƙo ne kawai. Ana kiran kifi mamayi idan abu uku suka haɗu: hannun mutum ne ya kawo shi, ya zauna ya hayayyafa da kansa ba tare da ana ciyar da shi ba, kuma zamansa ya jawo ɓarna ga ƴan gida ko ga abincin mutane. Ke nan mamaya ba jinsin kifi ba ce. Kifi guda na iya zama ɗan gida mai daraja a nan, ya zama bala'i a can.

Abin ya fi muni idan baƙon maci kifi ne. Mai cin ciyawa ko laka gogayya yake yi da ƴan gida a kan abinci. Shi kuwa maci kifi, ƴan gidan ne abincinsa, kuma ba su san shi ba balle su san yadda ake guje masa.

Fulorida: baƙi biyu, hukunci biyu

Yawancin bidiyon daga kudancin jihar Fulorida suke fitowa, wajen birnin Mayami. Yankin fadama ne da aka yayyanka da magudanai domin a janye ruwa a yi gini da noma. Ruwan magudanan ba ya yin sanyi sosai ko da hunturu, saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa na tsattsafowa cikinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: kifayen ado da na gonakin kifi da suka kuɓuce, ƴan ƙasashe masu zafi, suka sami gida. Daga cikin waɗanda suka fi cika wurin har da wata karfasa mai ɗige-ɗige, ƴar asalin Afirka ta Yamma.

Da karfasar ta yi yawa, hukumar kifi ta jihar ta yanke shawarar kawo mata maci. A 1984 ta fara sakin wani kifin kogunan Amazon da ƴan Barazil ke kira tukunare. A ƙarshen jelarsa akwai tabo kamar idon gashin ɗawisu, shi ya sa za mu iya ce masa kifin ɗawisu. An saki ƙanana wajen 20,000 tsakanin 1984 da 1987, ba a kuma yarda kowa ya ɗauka ba sai 1989. Dabarar ita ce an san iyakarsa tun kafin a sake shi: in ruwa ya sauka ƙasa da digiri 16 mutuwa yake yi, kuma ba ya jure ruwan gishiri. Sanyi ya tare shi ta arewa, teku ta tare shi ta gabas. A watan Janairun 2010 da aka yi wani matsanancin sanyi, ya mutu da yawa, daga baya ya farfaɗo.

Yau shi ɗan lele ne. Da rana yake farauta, yana kai wa koto hari da ƙarfi, mafi girman da aka taɓa kamawa a jihar bai wuce kilo 4 da ɗan wani abu ba, amma mutane na biyan masu jirgi kuɗi mai kauri don a kai su inda yake. Doka ma kare shi take yi: biyu kawai mutum zai ɗauka a yini, kuma ɗaya ne kaɗai zai iya wuce santimita 43.

Mai kan macijin kuwa ba wanda ya gayyace shi. A shekarar 2000 aka tsinci wani nau'insa a magudanan gundumar Broward, arewa da Mayami. A 2002 aka ga wani nau'in, wanda ke jure sanyi, a wani ɗan kududdufi a garin Crofton na jihar Merilan, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana shigo da duk danginsa da rai. Masuncinmu ba zai yi mamakin halinsa ba, domin ɗan'uwan tufi ne. Yana shaƙar iska kai tsaye, don haka ruwa mai ɗumi da ya ruɓe, wanda wasu kifaye ke shaƙewa a ciki, shi bai dame shi ba. Yana iya kwanaki a wajen ruwa in dai jikinsa da laima. Uwa da uba na gadin ƴaƴansu har su yi ƙwari. Yana laɓewa cikin ciyawar bakin ruwa, shi ya sa masu kama shi ke jan kwaɗon roba a saman ruwa har ya taso ya cafke.

Dukansu biyu baƙi ne, dukansu cin kifi suke yi. Abin da ya raba su, ɗaya an auna shi kafin a sake shi, ɗaya kuwa ganinsa kawai aka yi. Sai dai kada a ɗauka auna abu na nufin shi kifin mai ladabi ne. Kifin ɗawisun nan da ake yabo a Mayami, da ya shiga tabkin Gatun na mashigin Panama a ƙarshen shekarun 1960, inda babu hunturun da zai taka masa birki, cikin ƴan shekaru ya share yawancin ƙananan kifayen bakin tabkin.

Abin da giwan ruwa ya yi a tabkin Biktoriya

Nan ne labarin ya zo gida. Giwan ruwa ɗan asalin kogin Isa ne, da tabkin Cadi, da Nilu, da Sanagal, da Bolta. Yana iya kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200. Shi ne kifin da ake ɗagawa sama a bikin kamun kifi na Argungu. Amma tabkin Biktoriya, wanda Tanzaniya da Yuganda da Kenya suka kewaye, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 68,000, bai san shi ba.

Abin da ke cikin tabkin a da shi ne ƙananan kifaye dangin karfasa, nau'i wajen 500, mafi yawansu babu su a ko'ina a duniya sai can. Wasu na cin gansakuka, wasu dodon koɗi, wasu ƙwari, wasu ruɓaɓɓen abin da ya kwanta a ƙasa. Jami'an mulkin mallaka na Ingila suna ganin su a matsayin tarkace mai ƙaya da ba ya kawo kuɗi. Tunaninsu shi ne a kawo babban kifi ya cinye su, ya mayar da su tsoka mai tsada. Masana sun ja kunne, ba a saurare su ba. A shekarun 1950 aka fara zuba giwan ruwa, aka ƙara a hukumance a farkon shekarun 1960.

Shekara ashirin shiru, kamar an jefa dutse a rijiya. Wannan shirun shi ne abin da ya kamata a riƙe, domin duk wanda ya duba tabkin a 1970 zai ce ai ba abin da ya faru. A shekarun 1980 giwan ruwa ya fashe. Kafin a farga, nau'i wajen 200 na ƙananan kifayen sun ɓace ko sun kusa. Gaskiya ba shi kaɗai ya yi aikin ba, ƙazantar birane da takin gonaki da ke kwarara cikin tabkin sun dagula ruwan sun rage masa iska, tarun masunta ma ya yi nasa. Amma shi ne ya yi kaso mafi girma, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin mamaya 100 mafi muni.

Kuɗi kuwa ya shigo, wannan ba a musu. An gina masana'antun fere kifi a Mwanza da Kisumu da Jinja, jirage na ɗaukar tsokar zuwa Turai, dubban mutane sun sami aiki. Har jakar iskar da ke cikinsa ta zama haja, ƴan kasuwar Sin na sayen busasshiyarta da tsadar da ta fi ta naman. Tambayar ita ce aljihun wa kuɗin ya shiga. Kama giwan ruwa na son babban jirgi da inji da taru mai ƙarfi, wanda ƙaramin masunci ba shi da su, sai ya koma yaron mai jirgi. Matan da ke sayen ƙananan kifaye su shanya a rana su kai kasuwa sun rasa hajarsu, da yawa suka koma sayen ƙashi da kan da masana'anta ta zubar. Kuma giwan ruwa mai ne da shi, ba ya shanyuwa a rana, sai an yi banda. Banda na cin itace, itacen bakin tabki ya tafi.

Yanzu abin ya juya. An kama giwan ruwan har ya ragu, wasu daga cikin ƙananan kifayen sun fara dawowa, wani ɗan mitsitsin kifi da suke kira dagaa ya zama shi ne mafi yawan abin da ake kamawa. Ƙasashen uku kuma kare giwan ruwan suke yi: an hana kama wanda bai kai tsawon santimita 50 ba, Yuganda har soja ta tura tabkin a 2017 don hana taru mai ƙananan ido. Wanda ya shigo yana ɓarna ya zama dukiyar da ake gadi da bindiga.

Me ya sa bai cinye kogin Isa ba?

Domin a nan kowa ya san kowa. Kifayen Isa sun yi dubban shekaru tare da shi. Kurungu na da ƙayar da ke maƙale wa maci a wuya. Minjirya ba a taɓa ta. Karfasa na ɓoye ƴaƴanta a baki. Shi kansa giwan ruwa yana ƙarami abincin tsage ne da yauni da kada. Ga ambaliya: duk shekara ruwa na malala cikin burgu da fadamu, ƙananan kifaye su shige inda babba ba ya iya bi, su hayayyafa, su girma, su dawo.

Yana kuma da rauni guda da masunta suka sani. Ba ya jure ruwan da iskarsa ta yi ƙaranci. Lokacin farin shekarun 1970, da tabkin Cadi ya ja baya ya zama fadama, giwan ruwa na cikin waɗanda suka fara ɓacewa daga ɓangaren arewa, wajen Gigimi, aka bar tarwaɗa da karfasa da gaiwa. Damuwarmu a kogi ma ba yawansa ba ce, ƙarancinsa ne. Yashi na cike gurabun da yake kwanciya, taru mai ƙananan ido na kwashe shi tun bai kai tafin hannu ba.

Af, tarwaɗarmu ma ba ta tsira daga zargi ba. An kai ta Asiya da Kudancin Amurka don kiwo, ta kuɓuce cikin koguna, har Indiya ta haramta kiwonta.

A ci shi a ƙarar da shi: dabara ce ko daɗin baki?

Masu goyon baya na cewa tunda ya riga ya shigo, a buɗe wa kowa ƙofa: babu iyakar adadi, babu lokacin hani, a shirya gasa, a koya wa mutane cin sa. A Merilan ana harbin mai kan maciji da baka cikin dare da fitila, kuma a 2024 jihar ta canza masa suna a hukumance don kada sunan maciji ya hana mutane saye. Wannan na rage yawansa, musamman manya, a wuraren da mutane ke iya kaiwa.

Masu suka na cewa ragewa daban, ƙarewa daban, kuma a nan ina tare da su. Ƙugiya da taru manya suke kamawa. Macen giwan ruwa guda na zuba ƙwai miliyoyi, in ka cire manya ka buɗe wa ƙanana fili ne. Kifin da ya zauna a babban ruwa mai rassa, fitar da shi ya gagara kusan ko'ina. Inda aka yi nasara ƙaramin rufaffen ruwa ne, kamar kududdufin Crofton da aka zuba wa magani aka kashe duk kifin ciki, na gida da baƙo. Duk da haka bayan shekara biyu aka ga kifin a kogin Potomac.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Ranar da mamayi ya yi kuɗi, ranar ya sami masu kare shi. Wanda ke cin abinci da kifi ba zai so ya ƙare ba, wani ma zai ɗauke shi a bokiti ya kai ruwan da ke kusa da gidansa.

Tabkunan Tawa

A jihar Tawa ba kogi, tabkuna ne. Tabalak, a kan hanyar Agadas, da Ɗan Dutsi, waɗanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005, sai madatsun da ke ba fadamun Ƙonni ruwa, irin su Mozage. Yawancin kifin da ke cikin irin waɗannan ruwaye zuba shi aka yi, ma'aikatan ruwa da gandun daji da ayyukan raya karkara suka kawo shi: karfasa, tarwaɗa, ragon ruwa, a wasu wuraren har da giwan ruwa. Daga nan kifi ke fita zuwa Tawa da Agadas da Najeriya, ɗanye cikin ƙanƙara ko banda.

Hujjar sa maci kifi a tabki ita ce dai hujjar Fulorida. Karfasa in aka bar ta ita kaɗai, haihuwa take yi ba ƙaƙƙautawa har abinci ya gaza, duk ta tsumbure, ka jefa birgi ka fito da tarin ƴan yatsu. In akwai mai rage ta, waɗanda suka saura sai su yi girma. Hujja ce mai kyau. Kuma tabkunanmu ba Biktoriya ba ne, ba su da ɗaruruwan nau'in da babu su a wani wuri, giwan ruwa kuma ɗan yankin ne.

Amma rufaffen tabki ba shi da burgun da ƙananan kifi za su ɓuya. Da bazara ruwa na ja, maci da abin ci su matsu wuri guda. In an sa giwan ruwa da wuri, kafin karfasa ta kafu, ko an sa shi da yawa, zai share tabkin, sannan ya koma cin ƴaƴansa, sannan zafin watan Afrilu da Mayu ya kashe shi. Kilo guda na namansa kilo da yawa ne na ƙananan kifi. Wannan lissafi ba na masana kaɗai ba ne, na tukunya ne. Babban kifi mota ke ɗaukarsa zuwa birni. Ƴar karfasa da ƴar kawara su ne ake kasawa kashi-kashi na dala ashirin ko hamsin, su ne matan gari ke soyawa a bakin tasha, su ne ke shiga miyar gidan da ba ya ganin nama sai sallah. Don haka idan ƙungiyar masunta da sarkin ruwa suka zauna da ma'aikata kan wane kifi za a zuba, mai jirgi da dillali za su ce giwan ruwa, kuma suna da gaskiyarsu. Mai soya kifi ma tana da tata, sai dai ba kasafai ake kiran ta zaman ba.

Wani abu kuma da ya shafi mai ci: maci kifi na tara dattin duk abin da ya ci. A Fulorida hukumar lafiya na gargaɗin masu ciki da yara kan yawan cin manyan kifaye masu farauta saboda sinadarin zaiba. Mu da ake wanke zinariya da zaiba a yankin kogin Sirba, wanda ke zuba cikin Isa sama da Yamai, bai kamata mu ji wannan kamar labarin nesa ba.

Ƙofar da baƙo zai shigo

Kiwon kifi na bunƙasa a Yamai da kewaye. Ana haƙa tafkuna a lambuna, ana jera bahon roba a gidaje, ana sayo ƴaƴan kifi daga ƙetare cikin leda da jarka, mai saye bai san ainihin abin da aka haɗo masa ba. Akwai kuma kifin ado na cikin gilashi, wanda in ya girma ya ishi mai shi, tausayi kan sa a kai shi kogi a saki. Ta irin waɗannan hanyoyi Fulorida ta cika da baƙi.

Sanyin hunturun da ya tsare Fulorida mu ba mu da shi. Ruwanmu ɗumi gare shi kusan duk shekara, magudanan shinkafa na Saga da Kirkisoye daidai suke da abin da kifin ƙasa mai zafi ke so, kuma a haɗe suke da kogi. Ambaliya irin ta 2020 da ta 2024 ba ta tambayar wane tafki ne na kiwo kafin ta haɗe shi da Isa. Kogin kuma ba namu kaɗai ba ne, ƙasashe 9 ke cikin hukumar kula da shi mai mazauni a nan Yamai, abin da ya kuɓuce a Saga zai iya kai Gaya, ya wuce Yawuri. Mun riga mun ga misali a tsiro: kainuwar nan mai shuɗin fure da ke toshe magudanai tana yaga taru, daga Kudancin Amurka ta fito, don ado aka fara yawo da ita a duniya, yau shekara da shekaru ana kwasarta da hannu tana dawowa.

Masunci ne zai fara ganin baƙon kifi, ba ma'aikaci ba. In birgi ya fito da wanda ko tsofaffin Sarkawa ba su san sunansa ba, kada a mayar da shi ruwa, kada a kai shi wani tabki don a gwada. A ɗauki hotonsa, a sa shi cikin ƙanƙara, a kai wa ma'aikatan ruwa da gandun daji, a faɗa musu daidai gurbin da aka kama shi.